Rijiyar Dakta Ashiru

Ashiru ɗan Jibo bai taɓa shiga ajin koyon likitanci ba, bai kuma taɓa riƙe littafin kimiyya har ya kai shafi na biyu ba. Duk da haka, daga Bunguɗu zuwa Kekun Waje, in ka ce Ashiru kawai sai a tambaye ka wanne, in kuwa ka ce Dakta, kowane yaro zai nuna maka gidan. Yadda wannan suna ya hau kansa labari ne da ya kamata a bi a hankali, domin shi mai sunan bai taɓa bin komai a hankali ba.

An haife shi a wani ƙauye da ke gefen Kekun Waje, a gidan manoma masu rufin asiri. Mahaifinsa ya kai shi makarantar boko a Bunguɗu da kyakkyawar niyya, malamansa kuma sun yi iya ƙoƙarinsu. Yaron ba daƙiƙi ba ne. Da ma daƙiƙi ne da an samu hanyar taimakonsa, domin daƙiƙi yakan san bai sani ba. Matsalar Ashiru ita ce, da zarar malami ya buɗe baki shi ya riga ya gane, kuma abin da ya gane ɗin ba shi ake shirin faɗa ba. Yana aji biyu na sakandare ya yanke hukuncin cewa makaranta ta ba shi duk abin da take da shi, ya naɗe tabarmarsa, ya hau mota sai Gusau.

A Sabon Gari ya samu aiki a wani kemis. Aikinsa shara ne, da sauke kwalaye daga mota, da jera su a kan kanta. Mai shagon bai taɓa yarda ya miƙa wa kowa ko da ƙwayar ciwon kai ba. Amma Ashiru yana da ido, kuma a nan ne ya haɗa ilimin da ya rayu da shi har tsufa: ya haddace magunguna da launinsu. Ja da yalo na gudawa ne da ciwon ciki. Baƙi da ja na ƙurji ne da sanyi. Fari na zazzaɓi. Sunayen da ke jikin kwali, da 'yar takardar da ake naɗewa a ciki mai bayanin awo da gargaɗi, duk ya ɗauke su ado ne irin na Turawa. Takardar ma tara ta yake yi ya ba mai gyaɗa ta yi ƙulli da ita.

Da ya ji cikinsa ya cika da sani, sai ya bar kemis ɗin ba sallama, ya sayi faranti mai faɗi, ya jera kafso launi-launi, ya faɗa tasha. Shekaru ya yi yana bin motocin Gusau zuwa Tsafe. Da mota ta ɗau hanya sai ya gyara murya ya fara lissafa cututtuka, tun daga ƙaiƙayin ƙafa har zuwa mantuwa, kuma bai taɓa ambaton cutar da babu maganinta a farantinsa ba. In fasinja ya ce shi lafiyarsa lau, sai Ashiru ya girgiza kai ya ce masu irin wannan magana su ne suka fi ba shi tsoro. Rana tana dukan magungunan, ruwan sama yana taɓa su, shi kuwa yana cewa zafi ƙara musu ƙarfi yake yi. Wani ɗan kamasho ne a tashar Tsafe ya fara kiransa Dakta, da gatse, don ya ba direbobi dariya. Kowa ya ji gatsen ban da Ashiru. Kafin mako ya zagayo ya je gwanjo ya sayi farar riga mai manyan aljihu, irin ta ma'aikatan asibiti.

Daga mutane ya gangara kan dabbobi. A kasuwannin ƙauye ya lura makiyaya ba sa jayayya da mai farar riga, sai ya sayi babban sirinji ya shiga yi wa shanu allura. Wannan sana'a ta yi masa daɗi, domin saniya ba ta tambaya. In ta miƙe, aikin allura ne. In ta faɗi, kwananta ne ya ƙare. A tsawon waɗannan shekaru aƙida ɗaya ya riƙe, yana kuma faɗinta da alfahari a duk inda ya zauna: magani ba ya yawa. In kafso ɗaya ya yi amfani, biyu sun fi shi. In mara lafiya ya samu sauƙi da shi, mai lafiya ma ya sha don ya ƙara lafiya.

Da hanyoyi suka lalace, shiga mota ta zama sai da addu'a, sai ya tattara ya koma ƙauyensu ya buɗe ɗan shago a zauren gidansa. Matarsa Rabi mace ce mai kawaici, wadda ta daɗe da gane cewa gardama da mijinta ɓata yawu ne. Ita kaɗai ce a garin ba ta taɓa kiransa Dakta ba. Malam take ce masa, ta tsaya nan. A lokacin, ruwan shan garin duk daga rafi ake ɗebo shi, rafin kuwa yana bayan gonaki, a bakin daji. Da can tafiya ce kawai mai nisa. Da zamani ya juya, ta zama tafiyar da mace take yi gabanta yana faɗuwa, tana waige-waige, domin kowa ya san su wa ke ratsa dajin nan a kan babura.

A nan ne Ashiru ya yi abin kirki guda ɗaya da ba za a hana shi ladansa ba. Ya kira mahaƙa suka haƙa rijiya a ƙofar gidansa, aka ɗaure ta da siminti, aka gina wa dabbobi wurin sha a gefe, ya ce sadaka ce ga mahaifansa. Allah ya sa aka dace da ruwa garai, mai daɗi, wanda ba ya ƙafewa ko da bazara. Mata suka huta da rafi. Da ya tsaya a nan, da yau sunansa yana cikin na mutanen da ake yi wa addu'a. Amma wata damina aka yi annobar amai da gudawa a garuruwan da ke kewaye, sai Dakta ya ɗauko ƙullin garin maganin kaji mai launin ɗorawa, ɗan'uwan ja da yalo, ya farke ya juye a rijiyar. Annobar ta wuce ba ta yi wa garin ɓarna sosai ba. Dalilin a fili yake: rijiya ce ginanniya, mai tsawon baki, nesa da masai. Ashiru bai ga siminti ba, bai ga nisan masai ba, garin magani kawai ya gani.

Tun daga nan abin ya zama al'ada. Kowace Juma'a, da an sauko daga masallaci, sai ya ɗora farar rigarsa a kan ta salla, ya fito da ƙullin magani, yawanci wanda ya daɗe a shago har ya fara dunƙulewa ba mai saye. Mutane su kewaye shi, ya yi bisimilla da ƙarfi, ya zazzage, ya zura doguwar gora ya dama kamar mai kunun gidan suna. Ruwan ya riƙa fitowa da ɗan launi da ɗan ɗaci. Jama'a suka saba, har wasu tsofaffi suna aika wa 'yan'uwansu na nesa da shi a jarka. Ruwan Dakta ake ce masa. Shi kuwa yakan tsaya a gefe, hannu a aljihu, yana yi wa masu jan guga irin kallon da manomi yake yi wa hatsin da ya yi kyau.

Wadda ta fara kuka da ruwan ba 'yar garin ba ce. Inna Hajara ce, Bafulatana mai tallan nono, wadda rashin kwanciyar hankali ya sa danginta suka matso da rugarsu kusa da gari. Shanunsu suka koma sha a rijiyar, ita kuma da ruwan take wanke ƙorenta. Sai madararta ta daina barci. Ta zuba tsohon nono a kai kamar yadda ta gada, ta rufe, ta ajiye, gari ya waye ta tarar da ita tsararo, ba ta kama ba. Masu sayen kindirmonta a Bunguɗu suka fara yi mata tsiya. Cikin waɗanda suka ji kukanta akwai wata malamar jami'a daga Gusau mai suna Ummulkhairi, masaniyar sinadarai. Ita da abokan aikinta suna zagaya Gusau da Tsafe da Bunguɗu ne suna auna ruwan tafkuna da rijiyoyi da kwatoci, suna neman ragowar magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Da ta ji madara ta ƙi barci, sai ta tambayi Hajara inda shanunta suke shan ruwa.

Da hantsi suka iso: mai gari Malam Yusha'u yana gaba, sai Ummulkhairi, sai Bashir dubagari, Hajara tana biye. Labari ya riga su zuwa. Ashiru yana bakin rijiya, an wanke farar riga har an sa mata bula.

"Maraba da abokiyar aiki," in ji shi. "Ai na daɗe ina cewa wata rana jami'a za ta neme ni. Kun makara, amma ba laifi."

"Ina kwana, Baba," in ji Ummulkhairi, ta ɗan rusuna. "Ruwa muka zo dubawa, in ka yarda."

"Duba, ɗiyata, duba. Wanga ruwa ba ya jin kunyar kowa."

Ta buɗe jakarta ta fito da wata 'yar akwati da ba ta fi tafin hannu ba, da wasu siraran tsinkayen takarda, kowanne da ɗigon ja a bakinsa. Mai gari ya tambaya ko jini ne. Ta ce zinariya ce. An sarrafa ta ne, in ji ta, har ƙwayoyinta suka kai ƙanƙantar da ido ba ya gani, madubin ɗakin gwaji na yau da kullum ma ba ya gani, kuma in zinariya ta kai wannan ƙanƙanta sai ta bar launinta ta koma ja. An shafa wa ƙwayoyin wani sinadari mai kama magani, kowane tsinke da dangin maganin da yake nema. In ruwa ba shi da komai, ɗigon yana nan ja. In akwai magani, sai ƙwayoyin su cure wuri ɗaya, ɗigon ya koma shuɗi, 'yar akwatin kuma ta auna duhun shuɗin ta aika wa wayarta.

Daga duk wannan bayani kalma ɗaya ce ta shiga kunnen Ashiru.

"Kun ji ko?" ya ce da jama'a. "Zinariya! Ruwan wasu garuruwa da tsumma ake tace shi, nawa da zinariya aka zo gaishe shi."

Ta fara ɗiga ruwan gorar da ta zo da shi, ɗigon bai motsa ba. Bashir ya ja guga, ta ɗiga na rijiya. Kafin ta sauke hannu ɗigon ya rine, shuɗi mai duhu kamar an tsoma shi a marina. Ta dubi wayar, ta sake duba, ta surka ruwan da na gora ta maimaita, sannan ta ɗago kai.

"Baba, ko a kwatar gidan kaji ban taɓa ganin abin da ya kai wannan ba."

"Allahu akbar!" in ji Ashiru, ya ɗaga hannuwa sama. "Mai gari, ka zama shaida. Ba ni na faɗa ba, na'ura ta faɗa."

"Ba yabo ba ne, Baba."

Bai ji ta ba, ya riga ya shiga cikin jama'a yana gaisawa da mutane kamar wanda aka yi wa naɗi. Ita kuwa ta gwada sauran tsinkayen, suka tsaya ja, sannan ta juya wajen Hajara.

"Inna, ban da shanu da suke sha, ruwan nan yana shiga cikin madarar?"

"Ni? Aradu ban taɓa surki ba!" in ji Hajara, ta dafe ƙirji. "Sai dai ɗan wanda ya rage a ƙwarya in na wanke."

"Ƙwaryar taki kuwa akwai riƙon ruwa, Inna," in ji wata mata daga baya. "Rabin tulu take riƙewa."

Aka kwashe da dariya, har da Hajara, tana rufe baki da gefen mayafi. Ummulkhairi ta jira dariyar ta lafa, sannan ta yi bayani a tsanake, yadda ake yi wa mutanen da ake girmamawa. Ta ce abin da ke sa madara barci wasu ƙananan halittu ne masu amfani, maganin ne ya kashe su. Wannan kuwa ƙaramin abu ne. Babban shi ne, ƙwayar cuta in tana haɗuwa da magani kaɗan-kaɗan kullum, ba ya kashe ta, sabawa take yi da shi. Ran da yaro ya kwanta da ciwo na gaske, aka kai shi asibiti aka ba shi wannan maganin, sai cutar ta karɓe shi kamar tsohon maƙwabci, ta ci gaba da aikinta.

"Ɗiyata," in ji Ashiru da murmushin tausayi, "tun ba a haife ki ba nike wanga aiki. Mi kika sani game da magani? Magani ya yi wa mutum illa? In haka ne, tuwo ma illa ne."

Bashir dubagari ba shi da haƙurin malamar. Ya ce yana da ikon rufe rijiyar a ranar. Mata suka dubi hanyar rafi. Ummulkhairi ce ta roƙe shi: a yashe rijiyar, a kwashe laka, a daina zuba komai, ita za ta dawo bayan 'yan makonni ta sake aunawa. In ruwan ya fita, shi ke nan. Bashir ya yarda, da sharaɗin in ya sake ganin shuɗi zai zo da magini.

Mai gari ya ja Ashiru gefe. "Dakta, ka san inda rafi yake, ka kuma san abin da ke bayan rafi. Ba wani aiki aka ba ka ba. Cewa aka yi ka bari. Ka ji?"

"Na ji," in ji Ashiru.

Samarin gari suka yashe rijiyar. Lakar da suka fito da ita rawaya ce, mai warin shagon magani. Sabon ruwa ya taru garai kamar farkon haƙa. Madarar Hajara ta koma barcinta. Kowa ya samu abin da yake so, ban da mutum ɗaya.

Da Juma'a ta zo aka sauko daga masallaci, Ashiru ya ga mutane suna wucewa ta gaban rijiyar kai tsaye zuwa gidajensu. Ba wanda ya tsaya. Farar rigar tana rataye a ƙusa. Ya zauna a zaure har la'asar, ba abin da ya yi sai korar ƙuda. Wata rana kuma ya ji da kunnensa wata budurwa tana ce wa ƙawarta ta same ta a rijiyar ƙofar gidan Inna Rabi. Wannan magana ta hana shi cin tuwo. Rijiyar da ya haƙa, a ce ba ta da wani suna sai na mai ɗakinsa? Ga kuma tsoho Sabiru, abokin wasansa, kullum in ya zo alwala sai ya kurɓa ya ɓata fuska ya ce, "Dakta, ruwan ga ya zama na talakawa, ba gishiri ba yaji."

Sai ya zauna ya yi tunani, abin da bai cika yi ba, sakamakon kuwa ya nuna gara da bai saba ba. Ya ce a ransa: na'urar nan me ta kama? Maganin ɗorawa. Don me ta kama shi? Don yana da launi. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana gane magani da ido ba zai iya kawo wa ransa cewa akwai wata hanyar ganewa ba. Ya ɗauko wani farin garin maganin kaji daga can ƙasan kanta, ya zuba a moɗa ya motsa. Garin ya narke, ruwa yana nan fari tas. Ya ɗaga moɗar wajen haske ya yi dariya shi kaɗai, yana tausayin jami'a da zinariyarta. A ganinsa ya gama dabara: jama'a za su ci gaba da shan magani, malama kuma za ta tafi da ja.

Da rana tsaka, lokacin da maza suke gona mata suna cikin gida, ya fita da ƙullin a hannun riga, ya sunkuya a bakin rijiya kamar mai duba igiya. Da ya dawo ya tarar da Rabi a tsakar gida tana tankaɗe.

"Malam, mi ka kai rijiya?"

"Ido na kai."

Ta dubi hannun rigarsa, inda farin gari ya ɗan manne. "Allah ya sa ido ne," in ji ta, ta ci gaba da tankaɗe. Shi kuwa da ya ga ba abin da ya faru, ba sau ɗaya ya je duba igiya ba.

Ranar da Ummulkhairi ta dawo garin kaf ya fito, mata sun fi yawa, liman ma yana nan. Bashir ya ja guga. Ta ɗiga a tsinken farko, aka jira, ya tsaya ja. Mata suka fara guɗa. Ashiru ya gyara wuyan farar riga yana ƙifta wa Sabiru ido. Sai ya ga ta zaro tsinke na biyu.

"Wanga kuma na mi ne? Ai an gama."

"Kowanne da dangin maganin da yake nema, Baba. Na faɗa wancan zuwan."

Na biyu ya tsaya ja. Na uku, tun ruwan bai gama bin takardar ba ya koma shuɗi. Guɗar ta yanke a tsakiya. Ummulkhairi ta ɗaga tsinken, ta dubi mai gari.

"Wannan babu shi a ruwan wancan karon. Sabon zubi ne."

"Maƙiya ne," in ji Ashiru da sauri. "Mutum ya yi suna, dole a yi masa hassada."

Bashir ya daɗe a aiki, ya san irin mutumin da ke gabansa. Ya gyaɗa kai kamar ya yarda. "Haka ne, Dakta. Wani jahili ne da bai san komai a kan magani ba. Ya ɗauko abin banza wanda ko kaza ba ya warkarwa ya watsa."

"Abin banza?" Ashiru ya zabura. "Wanga magani shi ne abin banza? Ya fi na ɗorawar ƙarfi nesa ba kusa ba! Kai mi ka sani? Sai da na zaɓa na darje kafin in…"

Ya tsaya, amma ya riga ya isa inda za shi.

Ba wanda ya yi dariya. Ummulkhairi ta ce ana iya sake yasa. Bashir ya tambaya sau nawa za a yi. Rijiya ce a ƙofar gidan mutum, wuni ake yi ana ja, wa zai bar gonarsa ya zauna gadinta? Mai gari ya juya wajen mai rijiyar.

"Ashiru," in ji shi, kuma kowa ya lura da sunan da ya kira. "Ga jama'a, ga liman. Ka rantse da Allah ba ka ƙara zuba komai a rijiyar ga, ni zan roƙi dubagari ya ƙara mana dama."

Abu ne mai sauƙi. Kalma ce da Ashiru yake furtawa safe da yamma a kan abin da bai kai wannan ba. Mata suna kallon bakinsa, Rabi tana cikinsu. Amma rantsuwar tana nufin ya yarda a gaban gari cewa abin da ya yi shekara da shekaru ɓarna ce, kuma yarinyar da ya haifi kamarta ta fi shi sani. Ya auna wannan da tafiyar rafi, wadda ba shi zai yi ba, ya ga wanda ya fi nauyi.

"Ba ni rantsewa in bar bayin Allah su sha ruwa tsirara," in ji shi. "Wata rana za ku neme ni."

Magini ya zo, aka ɗora wa rijiyar murfin siminti mai kauri aka liƙe gefensa. Ummulkhairi ta kai kukan garin inda ya kamata don a haƙa musu burtsatse, ana nan ana jira. Dangin Hajara sun kora shanunsu wani wuri. Yanzu matan garin da hantsi suke haɗuwa a bakin masallaci su tafi rafi a ayari, 'yan maza suna raka su, ba mai yin hira a hanya. Shagon zaure yana nan a buɗe, mai shi yana zaune a ciki, yana shaida wa duk baƙon da tsautsayi ya kawo cewa na'urar jami'a ta zagaya ƙasar nan kaf ba ta samu ruwa mai ƙarfin nasa ba.

Rabi, da furfurarta, tana cikin ayarin da jarka a ka. Ran da ta fara dawowa daga rafi, ta tace ruwan ta tafasa shi, sannan ta kira maƙwabciyarta suka ciccibi randa daga inuwar tsakar gida suka kai ƙuryar ɗakinta. Ta sa wa ƙofar kwaɗo, ta ƙulle makullin a bakin zani. Da azahar Ashiru ya nemi ruwa. Ta kawo a moɗa ta tsaya a kansa.

"Ajiye nan, in na gama sai in sha."

"Sha yanzu, Malam, ina jira."

"Ni za ki tsare kamar yaro? Ruwan ma da gani ba shi da wani ƙarfi." Hannunsa ya nufi aljihu.

"Fito da hannunka," in ji Rabi, ba ta ɗaga murya ba. "Ni na ɗauko shi a kaina. Ka sha shi yadda yake, ko in mai da shi."

Ya dube ta, ya dubi moɗar. Rana ta take, maƙogwaronsa ya bushe. Ya sha. Ta karɓi moɗar ta leƙa cikinta, ta koma ɗaki ta kulle.